Wane Yaƙi Ya Yi? Sharhi a Kan Kalmar Jarumta

Rannan da daddare muna zaune wajen mai shayi a bakin kasuwar Wunti, nan cikin garin Bauchi, sai wani ɗan yayana da ba ya rabuwa da waya ya ɗago kai ya ce, "Kai! Ashe jarumin nan ya ƙara aure." Akwai wani dattijo da muke ce wa Baffa, tsohon direban babbar mota ne. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Wane jarumi, ɗana?" Yaron ya miƙa masa wayar. Baffa ya nisanta ta da fuskarsa kamar yadda masu raunin ido ke yi, ya ƙare wa hoton kallo, saurayi ne cikin shadda mai maiƙo da baƙin tabarau, sannan ya mayar masa.

"To, Allah ya ba da zaman lafiya. Amma wane yaƙi ya yi?"

Kowa ya fashe da dariya, har mai shayi. Yaron ya ce, "Haba Baffa, ai ɗan fim ne." Baffa ya ce, "To ka ce ɗan fim mana."

Dukansu biyu Hausa suke yi, kuma babu wanda ya yi kure a cikinsu. Sai dai kalmar da ke bakin yaron da wadda ke kunnen tsohon sun daɗe da raba gari. Abin da nake so in bi diddigi shi ne wadda ke kunnen tsohon: me Bahaushe yake nufi da ita tun asali, me ya bambanta ta da 'yan uwanta, kuma wane ɓangare nata ne ya zube a hanya.

Mu fara da jikin kalmar, ko da a gurguje. Namiji jarumi, mace jaruma, jam'i jarumai. Halin kuwa ana ce masa jarumta, ana ce masa jarunta, wasu su tsawaita su ce jarumtaka ko jaruntaka. Na sha ganin ana musu a Facebook kan wanne ne daidai, alhali musun ba shi da tushe. Harshen Bahaushe yakan mai da "m" ta koma "n" idan "t" ta biyo bayanta, shi ya sa daga malam muka sami malanta, daga mutum muka sami mutuntaka. Mai rubuta jarumta ya bi asali, mai rubuta jarunta ya bi furuci. A wasu sassan ƙasar Hausa ma za ka ji zarumi da zarumai. A fada kuma akwai sarautar Jarma ko Jarmai, wadda a da can sai wanda aka ga aikinsa a fagen fama ake naɗa wa ita.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne cikin dangin kalmar, domin Hausa ba ta yi rowar sunaye ga wannan hali ba, kuma kowane suna da gurbinsa. Ƙarfin hali shi ne mafi sauƙi, kuma yana da fuska biyu. Idan marar lafiya ya tashi ya fita masallaci sai a ce ya yi ƙarfin hali, yabo ne mai haɗe da tausayi. Idan kuma wanda ake bi bashi ya dawo neman ƙari, nan ma ƙarfin hali ne, irin na ɓarawo da sallama. Bajinta tana kallon aikin da aka yi ne, abin da ya burge ido: ɗalibar da ta zo ta ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani ta nuna bajinta, ko da babu wani haɗari da ta shiga. Kalmar tana ɗauke da ƙamshin bajimi, ƙaton san da ke gaban garke. Gwarzo kuwa mai naci ne da rashin gajiya, wanda wahala ba ta karya shi, shi ya sa ta zauna daram a bakin 'yan jarida da suke cewa gwarzon shekara. Mazantaka ta jingina abin ga jinsi, daga nan ne muka sami mazan jiya, mazan fama, namijin ƙoƙari, namijin duniya, da karin maganar nan mai cewa namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Sadauki shi ne na can ƙololuwa, wanda ake ba da labarinsa bayan ya shuɗe, kuma kunnen Bahaushe yana jin amon sadaukarwa a cikin sunan, wato wanda ya riga ya ba da ransa kafin ya fito daga gida.

Sai barde. A nan ne doki ya shigo.

Barde mayaƙi ne na kan doki, jam'insa barade, kishiyar dakare mai yaƙi a ƙasa. A rundunar sarakunan da, barade su ne 'yan sulke da 'yan lifida da 'yan kwalkwali, kuma shugabancin yaƙi kansa da sunan doki ake kiransa: Madaki gajarcewar Madawaki ce, ga kuma Ubandawaki. Ba mu kaɗai muka ɗaura wannan hali a wuyan doki ba. Larabawa suna da furusiyya, daga faras, wato doki, kuma kalmar ta ƙunshi iya hawa da iya yaƙi da kyawun hali gaba ɗaya. Kalmar da Turawan Ingila ke kiran halin baradensu na da da ita, ita ma daga sunan doki a Faransanci ta fito. Dalilin a fili yake. Doki dukiya ce, ba kowa ke iya ɗaure shi a turke ya ciyar da shi dawa da harawa ba. Wanda ke kansa ya fi na ƙasa tsawo, ya fi shi sauri, ya fi shi kariya. Duk al'ummar da ta ɗora mutum a irin wannan matsayi dole ta nemi abin da za ta riƙe shi da shi, in ba haka ba ranar da babu abokin gaba sai ya juyo kan talakan gida. Abin riƙon shi ne suna da kunya: a yi maka kirari idan ka tari wanda ya fi ka, a yi maka dariya idan ka taka wanda bai kai ka ba.

Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Bauchi ko ta Gombe ranar hawan sallah ya ga wannan ma'ana da idonsa, ko bai lura ba. Lokacin jahi, mahaya sukan jeru, su saki dawaki a guje kamar za su bi ta kan sarki, ƙura ta tashi, mata na guɗa. Saura ƙiris sai su ja linzami, dawakin su turje, su kuma su ɗaga hannu su yi jinjina. Sukuwar kowane yaro mai kaimi zai iya yinta. Abin da ake tafa wa shi ne tsayawar. Mahayin da dokinsa ya ƙwace ya kutsa cikin jama'a, komai saurin da ya yi, kunya ya kwaso wa gidansu. A fahimtata jarumta ke nan a wurin magabata: zuciyar da ke iya sukuwa, da hannun da ke iya jan linzami, a jikin mutum ɗaya.

Shi ya sa Hausa ta tanadi wasu sunaye na daban ga sukuwar da babu linzami. Akwai ganganci, akwai wauta, akwai taurin kai, akwai shahadar ƙuda, wato jefa rai a inda mutuwar ba za ta amfani kowa ba. Ɗan acaɓan da ya ratsa tsakanin tireloli biyu a hanyar Darazo ba shi da tsoro, amma babu mai hankalin da zai kira shi jarumi. Haka kuma wanda ya gwada ƙarfinsa a kan mace ko yaro ko tsoho, sunan aikinsa cin zali, ko fin ƙarfi. Ko a fagen dambe, da zarar hannu ko gwiwar abokin karawa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, wanda ya ƙara kai naushi bayan nan ya zubar da girmansa a gaban makaɗa. Sannan Bahaushe bai ɗauki kowane ja da baya a matsayin ragwanci ba. Ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Mutanen da suka bar mana waɗannan maganganu sun san yaƙi fiye da mu, kuma ba su ga wani saɓani tsakaninsu da yabon jarumi ba.

Tarihin wannan yanki namu ya isa wurin gwada kalmar. Malam Yakubu, Bageri ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓo tuta ya kafa garin nan a 1809, shi ya sa har gobe ake cewa Bauchin Yakubu. Lokacin da Shehu Laminu na Barno ya taso da runduna ya doshi ƙasar Kano wajen 1827, Yakubu ne ya tare shi ya mai da shi baya. Modibbo Buba Yero shi ma da tutar Shehu ya kafa Gombe Abba a bakin kogin Gongola. Irin wannan jarumta ba ta da wuyar ganewa, an fita, an gwabza, an yi nasara, maroƙa sun sami abin faɗa.

Mai wuyar ita ce ta 1902 da 1903. A watan Fabrairu na 1902 sojojin Turawa suka shigo Bauchi ba tare da wani babban yaƙi ba, suka tuɓe Sarki Umaru. Gombe ma ba ta yaƙe su ba. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa, har da Sarkin Misau Ahmadu. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau, garin da Malam Jibrilla Gaini, jagoran mabiya Mahadiyanci, ya mayar sansaninsa kafin Turawa su kama shi. Karon farko, a watan Mayu, mutanen Burmi suka kore su. Ranar 27 ga Yuli 1903 suka dawo da ƙarin sojoji da manyan bindigogi. A ranar aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mutanensa, a ranar kuma kibiya ta kashe Manjo Mash, jagoran sojojin Turawa. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka zauna a bakin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa har yanzu.

To, a nan wa ya yi jarumta? Amsar da ke zuwa baki nan take ita ce Attahiru, kuma ban musa ba. Mutumin da ya san kibiya da mashi ba za su ja da bindiga mai ruwa ba, ya kuma tsaya, ya cika sadauki. Amma a lura da abu ɗaya: tafiyar da ya yi daga Sakkwato, a idon Bature gudu ce, a idon mabiyansa kuwa hijira ce irin ta Manzon Allah (SAW). Ƙafa ɗaya, hanya ɗaya, suna biyu. Sannan ga Waziri Buhari da ya tsaya a Sakkwato ya yi sulhu da Turawa don kada jama'ar da ba ta iya tafiya ta rasa mai tsaya mata, abin ya dame shi har ya rubuta wa malamai yana bayyana hujjarsa. Shi ba a yi masa kirarin fagen fama. Ni dai ina ganin wanda ya haɗiye wulaƙanci da idonsa biyu saboda tsofaffi da mata da yara, ya kuma san za a zarge shi, bai yi nisa da ma'anar kalmar ba. Linzamin ne ya fi bayyana a wurinsa fiye da sukuwar, kuma linzami ba ya tara 'yan kallo.

Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa a fada ba. Baraden da ake wa kirari a cikin ganuwa, a kan duwatsu wani suna ake kiransu da shi, domin hare-haren kamun bayi suna cikin aikinsu. Mutanen Ningi sun shafe fiye da rabin ƙarni, tun daga zuwan Malam Hamza daga ƙasar Kano a shekarun 1840, suna fafatawa da Bauchi da Kano da Zazzau, kuma su ma suna kai nasu harin suna kamo nasu bayin. Jarumin Ningi ɗan tawaye ne a Bauchi, jarumin Bauchi mahari ne a Ningi. Tangale da Waja da Tula su ma suna da nasu mazan da suka tsare duwatsunsu daga dawakin Gombe. Kalmar tana da ma'auni, amma wanda ke riƙe da ma'aunin yana da gari.

A Gombe da kewayenta ba a raba Hausa da Fulatanci, kuma ina jin zaman tare ya ƙara wa kalmar wani launi a bakinmu. Cikin abubuwan da Fulani ke lissafawa a pulaku akwai munyal, wato haƙuri da juriya, akwai semtende, wato kunya, akwai hakkilo, wato hankali, sannan akwai ngorgu, wato mazantaka. Dubi sharo, ko shaɗi. Saurayi ya tuɓe riga, ya ɗaga hannu, wani lokaci yana riƙe da madubi yana duba fuskarsa, abokin karawa ya zabga masa tsumagiya har fata ta tsage. Jarumin wurin shi ne wanda aka daka bai motsa ba, bai ɓata fuska ba. Mai dukan ba shi ake kallo ba, shi ma ranar ramuwa tana jiransa. Wannan jarumtar ɗauka ce, ba ta bayarwa ba, kuma ita ce ta fi yawa a rayuwar yau da kullum. Idan aka yi wa mutum rasuwa ya tsaya ya karɓi gaisuwa bai zubar da hawaye a gaban jama'a ba, ita ake nufi da an ce ya yi jarumta.

Ta wannan ƙofa ce mata suka shiga kalmar, tun kafin fim. An ce haihuwa yaƙin mata, kuma a gidaje da yawa ana auna yarinya da shirun da ta yi a kan gwiwa. Goggo ta fito ta ce, "Ai jaruma ce, ko uffan ba ta ce ba." A nan kam ina da ja. Shirun da ake yabo shi ne yakan sa naƙuda ta kwana biyu a ɗaka ba a nemi mota ba, sai abu ya ɓaci a kwasa zuwa asibiti. Yarinyar da ta buɗe baki ta ce a kai ta asibiti, a gaban surukai, ta karya kunyar da aka raine ta a kai, kuma wannan ya fi cije leɓe wuya. Har yau ban ji an kira irinta jaruma ba. Kirarin da aka tanadar wa mace mai zuciya ma, mace mai kamar maza, yana nuna inda harshen ya ajiye abin tun farko: sai ta yi kama da wani kafin a yaba mata.

Malamai suna da tasu kalmar, shaja'a, suna kuma haɗa ta da muru'a, wato kamun kai da kiyaye mutunci. Abin da suka daɗe suna karantarwa a zaure ya ƙara ƙarfafa ɓangaren linzami. Hadisi ne sananne a Buhari da Muslim cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ita ce madogarar malaman ƙasar nan, akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan da ya tura Sham: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini. Sannan ga hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi.

Wannan na ƙarshen kuwa, Bauchi ta ga irinsa. Bayan Turawa sun karɓe takobi, fagen ya koma na baki da alƙalami. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna cikin Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda ake yi wa hukuma tambayoyin da ba a saba yi ba, har zafinsu ya sa aka rufe ta. Sa'adu ya yi wannan gwagwarmaya ne da ciwon ƙirji a jikinsa, har ya rasu a 1958. A 1950 kuma Tafawa Ɓalewa, mutumin da kowa ya sani da sanyin hali, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a gyara shi, a zamanin da ɗaga ido a dubi sarki ma laifi ne. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Tarar Bature a wata fuskar ya fi sauƙi, domin baƙo ne. Faɗa wa naka gaskiya, wanda ka durƙusa ka gaishe shi da safe, shi ne inda gwiwa ke sanyi.

Yanzu mu koma kan wayar ɗan yayana. Yadda ɗan fim ya zama jarumi ba abin mamaki ba ne. Tun shekarun 1960 gidajen silima a Arewa suke nuna finafinan Indiya, kuma a cikinsu tauraron labari shi ne mai dukan mutum goma shi kaɗai ya ceci budurwa. Mu da muka taso muna leƙen bidiyo ta taga, akta da bos muke cewa. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano daga 1990, mujallu da gidajen rediyo suka nemi kalmar Hausa da za ta maye gurbin akta, sai suka ɗauko jarumi. Da farko sunan na wanda ke cikin labarin ne, wanda aƙalla yana fuskantar wani abu. Daga baya ya zame ya koma kan mai wasan, ko da rawar ɓarawo ya taka, ko ta boka, ko ya fito sau ɗaya yana miƙa ruwa. Yau idan ka rubuta jaruma a intanet, hotunan biki da na kwalliya ne za su cika maka fuska.

Ba na cikin masu cewa an lalata Hausa. Harshe ba ya neman izinin kowa, kuma 'yan fim sana'a suke yi, wasunsu ma mata ne da suka sha zagi da tsangwama kafin su tsaya da ƙafafunsu, abin da shi kansa yake buƙatar zuciya. Illar da nake gani ƙarama ce amma tana nan: kalmar ta yi arha. Ranar da ɗan jarida ya tashi ba da labarin ɗan kwana-kwanan da ya shiga wuta ya fito da yara, sai ya ji jarumi ta yi masa sauƙi a baki, dole ya ƙara mata wani abu, ya ce jarumi na gaske, ko ya koma ga gwarzo ko sadauki. Haka ta faru da sarautun yaƙi. Barde da Jarma da Garkuwa da Sarkin Yaƙi suna nan a fadojin Bauchi da Gombe da Katagum da Misau, amma yau ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa ko tsohon ma'aikaci ke naɗa rawanin, don taimakon da ya yi wa jama'a ko don kusancinsa da fada. Wani ma sai an riƙe masa doki ranar hawa.

Wadda ta fi damuna ita ce ɗaya zamewar, wadda ba ta cikin jarida. Duk wanda ya zauna Bauchi ya san 'yan sara-suka, duk wanda ya zauna Gombe ya san 'yan kalare, waɗanda ta'asarsu ta kai har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi magana a kansu a 2007. Ka saurari yadda yaran nan ke magana a tsakaninsu. Kalmomin mazan jiya ne a bakinsu: wane namiji ne, wane ba ya ja da baya, wane ƙarfe ba ya cinsa. Sun gaji kirarin 'yan tauri da na mafarauta, sun gaji layu da guraye, sun gaji gora da adda. Abin da ba su gada ba shi ne sarkin da ke tsawatarwa da dokar da ke cewa wane ba a taɓa shi. Maharbin da yana shiga daji ne ya tari ɓauna, abin da ya fi shi ƙarfi. Waɗannan su goma suke tare ɗalibi ɗaya a lungu saboda waya, ko su far wa 'yan wata unguwa saboda fostar ɗan takara. Ɗan takarar kuma 'ya'yansa suna makaranta a wani gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan fim ya ɗauki sunan ya bar haɗarin, ɗan sara-suka ya ɗauki haɗarin ya bar kunyar, kuma shi na biyun ba da wasa yake ba, har zuciyarsa ya yarda jarumta yake yi, don babu wanda ya taɓa nuna masa ɗaya rabin.

Akwai wata ƙa'ida ta amfani da kalmar da har yanzu ba ta mutu ba: mutum ba ya kiran kansa da ita. Ana cewa wane ya yi jarumta, ko ya nuna jarumta, amma wanda ya ce "ni jarumi ne" a cikin hira dariya zai sha, sai fa a fagen kirari inda aka ba da izinin cika baki. Wasu ne ke ba ka sunan, galibi bayan ƙura ta lafa.

A ranar 23 ga Yuni 2018 aka kai hari ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato. Mutane suka gudo zuwa Nghar Yelwa, akasarinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, ɗan asalin ƙasar Misau ne, a lokacin ya haura shekara 80. Ya shigar da wasu gidansa, ya shigar da sauran masallaci, mutum 262 bisa ƙidayar da aka bayar daga baya. Da maharan suka iso da makamai suka ce ya fito da su, ya tsaya a ƙofa ya ƙi. Ba shi da doki, ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin da zai ture ko ɗaya daga cikinsu. Ya yi ta roƙonsu, har ya ce in dai sai an kashe, a fara da shi. Suka juya suka tafi. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi da lambar yabo ta 'yancin addini. Da 'yan jarida suka yi ta tambayarsa dalili, bai ambaci kansa da wani suna ba, zancensa bai wuce cewa rai Allah ne ya halicce shi, kuma mutanen maƙwabtansa ne da suka daɗe suna zaune tare.